Wutar da Ke Kamawa a Jos, Ta Mutu a Kano

Motar Kawu tana da wata ɗabi'a da ta ɗaure wa kanikawa kai. In tana Jos, 'yar wutar nan mai ruwan ɗorawa da siffar inji, wadda direbobi ke ce wa cek, tana kunne a bayan sitiyari safe da yamma. In ya tafi Kano sarin atamfa a Kantin Kwari ya yi 'yan kwanaki, sai ta mutu don kanta, ba wanda ya taɓa ko noti ɗaya. Ranar da ya dawo lafiya lau. Washegari da yamma, ko jibi da safe in ya taso daga gidansa a Bukuru, kafin ya kai shataletalen Taminus ta sake bayyana.

Corolla ce 'yar Amurka, ƙirar 2005. Ta shigo ta Kwatano, ta yi hannu ɗaya a Kano, Kawu ya saye ta da bazara. Ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, bugu ɗaya take tashi. Abin da ya fi burge shi kuwa, allurar zafinta ba ta taɓa kaiwa rabi ba. "Motata ba ta san zafi ba," haka yake gaya wa duk wanda ya yaba ta. Sai da damina ta kankama, lokacin da Jos ke wuni cikin yayyafi mutane na yawo da rigunan sanyi a watan Agusta, sannan wutar ta fara wannan wasan ɓuya.

Tun da gobarar Fabrairun 2002 ta cinye babbar kasuwar Jos, Kawu da dubban irinsa suka koma neman abinci a kewayenta. Shagonsa na kusa da titin Ahmadu Bello, inda ake zaman benci tsakanin azahar da la'asar, kuma a wannan benci ba a rasa mai fatawa. Wani ya ce ai motar Bakanuwa ce, kewar gida ke damunta. Aka yi dariya, sannan aka shiga kawo waɗanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne mai. Ba a ga laifin mai wannan zato ba, don ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka amsa cewa an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. Amma Kawu ɗan kasuwa ne, lissafi sana'arsa ce. Ya ce da man Jos yake tafiya, kuma da sauransa a tanki wutar ke mutuwa a Kano. Da man Kano yake dawowa, kuma da shi a tanki take kamawa a Jos. Aka wanke mai.

Na biyu murfin tanki. Motocin Amurka suna bincikar kansu ko tururin fetur na zurarewa, kuma murfin da ba a ɗaure shi sosai ba ko wanda robarsa ta tsage ya isa ya kunna cek. Aka sayo sabo aka ɗaura. Ba abin da ya canja.

Na uku ya fi tayar da hankali. Wani direban tasi ya rantse cewa an sace mata indomi, wato dutsen nan mai ramuka da ke cikin salansa, mai tace hayaƙi, wanda ɓarayi ke bi saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa irin su filatinam da faladiyam. Aka leƙa ƙarƙashin motar, babu sabuwar walda, babu alamar yanka, sautin salansar ma bai sauya ba. Balle kuma abin da aka sace ba ya komawa wurinsa don an shiga Kano. Daga nan aka gane ma'aunin da za a riƙa auna kowane zato da shi: duk bayanin da bai faɗi dalilin mutuwar wutar a Kano ba, bai kama hanya ba.

Wani tsohon ma'aikacin reluwe ne ya kawo zaton da ya cika wannan sharaɗi. Ya ce ku tuna inda kuke zaune. Jos ta haura mita 1,200 daga bakin teku, Kano ba ta kai 500 ba. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya fara isowa nan daga Zariya a 1914 don kwasar kuza, hawa ya yi ta yi har ya iso. Iskar nan ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 13 cikin ɗari, shi ya sa a zamanin Fijo 504 bakanike kan ɗan murɗa kafireta in mota ta zo zama a Filato. Benci ya yi tsit, don maganar ta yi ma'ana. Sai dai wannan motar ba ta da kafireta. Akwai sensa a bakin bututun iskarta da ke auna nauyin iskar da ke shiga, kwamfutar motar kuma ta daidaita mai da shi, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, ko a Legas take ko a kan duwatsun Shere. Tsohon ya taɓo gefen gaskiya, don lallai Jos ce sanadi, amma ba ta wannan fuskar ba.

Bakaniken da aka fara kai wa motar bai ɓata lokaci ba. Ya cire kan batir, ya sha rake, ya mayar, wuta ta mutu, ya karɓi na goro. Bayan kwana biyu ta dawo. Abin da ya yi bai wuce goge abin da kwamfutar ta rubuta ba, kamar a kori mai shaida daga kotu a ce an gama shari'a. Da Kawu ya gaji, sai ya yanki baƙin salatif ya manna a kan wutar. Ido bai gani ba, zuciya ta huta.

Ɗaurin aure ne ya kai mu Akwanga, ni da shi, muka fita bayan asuba. Muna wuce Riyom hazo ya rufe hanya, gilashin gaba ya yi gumi ta ciki. Kawu ya murɗa hita, iskar da ta fito ko ɗumin kirki babu. Haka ya shiga gangaren Hawan Kibo, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana goge gilashi da hularsa, tireloli na tahowa a hankali ta ɗaya hannun. A wannan gangare na lura allurar zafi tana sauka, har ta kusa kwanciya a inda take kafin a tashi mota. Na nuna masa. Ya ce, "Ka gani ko? Ita fa ba ta san zafi ba."

A dawowa aka yi ta. Muna tsakiyar hawan, motar ta fara fizga, inji na rawa, ƙarfi ya ragu. Na ce, "Kawu, bari in ɗaga salatif ɗin nan." Ashe wutar ba a tsaye take ba, ƙiftawa take yi. Tsakanin cek mai tsayawa da mai ƙiftawa akwai tazara babba. Mai tsayawa cewa take akwai matsala, a duba cikin 'yan kwanaki. Mai ƙiftawa cewa take wata silinda ba ta ƙona manta, ɗanyen fetur na kwarara cikin salansa yana ci a can, kuma zafinsa na iya narkar da indomi cikin ƙanƙanin lokaci. Sa'ilin da ta koma ƙiftawa, Allah kaɗai ya sani, don salatif ya rufe.

Kawu ya sassauta totur, bai tsaya a kwana ba, sai da ya samu fili a gefen kwalta ya sauka gaba ɗaya. Ya kunna sigina biyu, na ɗauki sikoshin na kai can baya inda mai tahowa zai hango da wuri. Muka duba abin da ya fi muhimmanci: akwai jar wuta? Babu ta bakin mai, babu ta batir, babu ta birki, allurar zafi ba ta hau ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ta kama, da tafiya ta ƙare a nan sai an zo da bakanike ko janwe. Muka zaro sandar bakin mai, yana nan daidai. Da muka tashi ya riƙa taka ta a hankali, wutar ta daina ƙiftawa ta koma tsayawa, muka lallaɓa har gida.

Washegari aka kai ta wani gareji a Dilimi, inda maigidan dattijo ne da ya yi shekaru a kan injin, yana kuma da yaro mai aiki da sikana. Yaron ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya jona na'urarsa a wani soket mai ramuka 16. Wannan soket doka ce ta sa shi: tun daga ƙirar 1996 kowace ƙaramar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da shi, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Asalin dokar don tsaftar iska aka yi ta, amma ta bar wa mai mota gado mai amfani, domin duk lokacin da cek ta kama, kwamfutar ta riga ta ajiye lambar da ke faɗin inda ta ga ba daidai ba. Wutar sallama ce kawai, saƙon yana ciki.

Lamba biyu suka fito, P0303 da P0128. Ta farko ba ta da wuya, silinda ta uku ce ke fashin wuta. Aka zaro fulogi huɗu aka jera a kan tsumma. Na ukun bakinsa ya cinye, shi ne mai fizgar Hawan Kibo. Maigida ya sa sababbi, aka goge lambobin, aka zaga da motar, ba fizga ba rawa. Ya ce, "Alhaji, an gama."

Yaron bai ce komai ba sai da maigidansa ya ba da baya. Ya ɗauki tsofaffin fulogin ya nuna wa Kawu. "Baba, ɗaya ne ya mutu, amma dubi, duka huɗun sun yi baƙi da toka. Motar nan tana shan mai fiye da ƙima. Kuma lamba ta biyun ba mu taɓa ta ba. Za ta dawo."

Kawu ya yi shiru, don maganar shan mai ta taɓa inda ke masa ƙaiƙayi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ba mai motar da ba ya kallon allurar tanki, kuma ya jima yana ganin tasa na sauka da sauri in yana Jos. Ya ɗora laifin a kan hawa da gangaren garin.

Kwana biyu ba su cika ba wutar ta dawo, wannan karon da P0128 ita kaɗai. Ma'anarta, ruwan inji bai kai zafin da ya kamata ba a cikin lokacin da ya kamata. Maigida ya ce sensar zafi ce ta lalace, a sayo wata. Yaron ya roƙi arziki. "Oga, a bar ta ta kwana nan, mu tashe ta da sanyin safiya. In sensar ce ke ƙarya za mu gani."

Da sassafe, kafin a murɗa makulli, sikana ta nuna zafin ruwa da zafin iskar da ke bakin inji kusan ɗaya, kamar yadda ya dace da motar da ta kwana a waje. Ke nan sensar gaskiya take faɗa. Aka tashi inji, yaron ya kama hannun Kawu ya ɗora a kan tiyon da ke ƙasan lagireto. A lafiyayyar mota irin wannan, tiyon nan zai daɗe da sanyinsa yayin da inji ke ɗaukar zafi, sai can daga baya ya ɗume. Wannan kuwa tun mintunan farko ya fara ɗumi, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da injin. Ruwa na zagawa cikin lagireto tun daga bugun farko, babu mai tare shi.

Suka fita gwaji, yaron na riƙe da sikana a cinya. A cunkoson Taminus, tsakanin 'yan Keke da masu baro da masu talla a kan titi, lambar zafi ta yi ta hawa a hankali. Suna kama buɗaɗɗiyar hanyar Bukuru, iska mai sanyi ta fara dukan lagireto, sai ta juyo tana sauka. Biri ya yi kama da mutum. Suka koma gareji, aka zubar da ruwan, jajawur da tsatsa, aka kwance noti biyu na murfin da tiyon ƙasa ke shiga inji. Ramin da tamostat ke zama wayam yake. Wani ya cire shi tun kafin motar ta zo hannun Kawu.

Tamostat ɗan ƙaramin abu ne da bai cika tafin hannu ba, ƙofa ce mai kaki a cikinta. In inji na da sanyi tana rufe, ruwa na zagawa cikin injin kaɗai don ya yi saurin ɗumi. In zafi ya kai wajen digiri 82 a irin wannan mota, kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Da haka inji ke zama a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kusa da digiri 90, ko ana sanyi ko ana rana.

Da wannan ramin wayam, kowane ƙulli ya warware. A Kano akwai zafin gari, ga cunkoso daga Kwari zuwa Sabon Gari, mota na tafiyar hawainiya, injin kan kai zafin da kwamfuta ke jira ko babu tamostat. A Jos kuwa, sanyin safiya da buɗaɗɗiyar hanya daga Bukuru ba sa barin sa ya kai. Jinkirin kamawa da na mutuwa ma ƙa'ida ce a rubuce. Ga irin wannan matsala, kwamfuta ba ta kunna wuta sai ta gan ta a tashi biyu a jere, shi ya sa ba ranar dawowa take kamawa ba. Ba ta kuma kashe ta sai an yi tashi uku a jere ba ta gan ta ba, shi ya sa sai ya kwana biyu a Kano. Injin da bai yi zafi ba ana ƙara masa mai, ga dalilin baƙin fulogi da saurin ƙarewar tanki. Hita daga ruwan inji take samun ɗumi, ga dalilin goge gilashi da hula. Allurar da Kawu ke alfahari da ita, ita ce ta fi kowa faɗin cutar tun ranar farko.

Maigida bai ji kunyar kare al'adar ba. "Alhaji, abin nan na ƙasar ƙanƙara ne. Mu nan zafi ya ishe mu, cire shi muke yi." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, nan fa Jos ce." Adalci dai shi ne a ce al'adar tana da tushe. Tamostat kan tsufa ya maƙale a rufe, musamman inda ake ɗura wa lagireto ruwan rijiya mai barin tsatsa da gishiri, kuma in ya maƙale mota kan yi zafi har ta ƙona gasket. Bakaniken da ke bakin hanya ba shi da sabo a hannu, ya cire ya jefar, mota ta tafi, mai ita ya yi godiya. Dabarar fita kunya ce ta rikiɗe ta zama ƙa'ida, har ana yi wa lafiyayyar mota ita tun ranar da ta sauka, wani lokaci a haɗa da jona fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba hutu. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ko a Sakkwato, injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai, fetur da raɓa na taruwa cikin bakin mai suna tsinka shi, ƙarfe na cin ƙarfe a hankali. Jos dai ta fi saurin tona asirin ne.

Aka sa sabon tamostat mai lambar zafi daidai da na asali, aka wanke lagireto, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, aka fitar da iskar da ta maƙale. Yaron ya ƙi goge lambar. Ya ce in gyaran ya yi, motar da kanta za ta faɗa. Allura ta hau ta tsaya daf da tsakiya, hita ta fara busa zafi tun kafin a fita Bukuru, kuma kafin mako ya zagayo wutar ta mutu a cikin garin Jos.

Rashin tamostat shi kaɗai ba zai kashe mutum a hanya ba. Haɗarin yana wajen salatif. Wutar cek guda ɗaya ce, amma ɗaruruwan matsaloli take wakilta, kuma duk wanda ya bar ta a kunne don ƙaramin dalili ya toshe hanyar da babban dalili zai bi ya iso gare shi. Motoci nawa ne ke lodi a tashar Bauchi Road da wannan wuta a kunne shekara da shekaru, direba na cewa haka ya saye ta?

Launi ne ke faɗin gaggawa. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai, sigina ko doguwar fitila. Ruwan ɗorawa na nufin a duba ba da jimawa ba, in kuma tana ƙiftawa a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Ja ba ta da sassauci. Ta bakin mai, mai siffar buta, cewa take mai ba ya zagawa da ƙarfinsa, kuma tafiyar mintuna kaɗan ta isa ta kashe inji, don haka a kashe shi nan take. Ta batir na nufin caji ya tsaya, sau da yawa bel ne ya tsinke, kuma a motoci da dama bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, zafi na biye. In ta zafi ce, a tsaya a bar inji ya huce, kada a kuskura a buɗe murfin lagireto yana tafasa. In ta birki ce alhali birkin hannu a sauke yake, mai yiwuwa man birki ya yi ƙasa, kuma mai hankali ba ya shiga gangaren Hawan Kibo da wannan shakka. Wanda ya maƙale a hanya, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, da aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa, 122.

Mai kai mota gareji kuma ya sauya tambayarsa. Maimakon "za ka iya kashe min wutar nan?", ya ce "wace lamba ta bayar?", ya rubuta ta ko ya ɗauki hotonta kafin a goge. Lambar ba ta cewa a sayi kaza, inda za a fara bincike take nunawa, kuma bakaniken kirki yakan gwada kafin ya aika a sayo kaya.

Mai shirin sayen 'yar Kwatano yana da gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa, kada ya tashi injin. Dole cek, da ta bakin mai, da ta batir, da ta jakar iska su bayyana gaba ɗaya, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Duk wadda ba ta fito ba a wannan lokaci, ba lafiya ce ta hana ta ba, ko ƙwanta ya mutu ko wani ya cire shi, kuma sai dillali ya yi bayani kafin a yi maganar kuɗi.